Telan da Ba Ya Taɓa Yadi

A Dirin Daji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba, da sauran garuruwan ƙasar Zuru, shagon mai cajin waya ba caji kaɗai ake yi a cikinsa ba. Nan ake tura fim da waƙa da karatun malamai, nan kuma samari suke karɓar gem. Na ƙwallo ne ya fi tashe, irin su Dream League Soccer, kuma ba kowane yaro ne zai karɓa ya tafi haka nan ba. Wani sai ya tsaya ya ce, "Oga, a canza min rigar mana, a sa min ta Pillars." Mai shago ya lalubo hoton rigar a intanet, wani ɗan zane mai ɗigo 512 a tsaye, 512 a kwance. In ka kalle shi a shimfiɗe za ka ga gaban riga a nan, bayanta a can, hannuwa biyu a gefe, an yanka ba a haɗa ba. Ya liƙa adireshin hoton a cikin gem ɗin, sai ga 'yan wasa sun fito fili sanye da rigar Sai Masu Gida.

Wannan ɗan hoto wani ne ya zauna ya zana shi, kuma shi ne matakin farko na wata sana'a da ta yi nisa a duniya: ɗinka wa mutanen cikin gem tufafi, da yi musu kitso da aski da kwalliya. Ba a gem ɗin ƙwallo sana'ar ta fi kafuwa ba, a wasannin kwaikwayon zaman duniya ne, kuma uban tafiyarsu shi ne The Sims, wanda kamfanin Maxis na Amurka ya fitar a shekarar 2000 bisa jagorancin Will Wright. Babu harbi a cikinsa, babu tsere. Mutum za ka ƙirƙira, ka gina masa gida, ka nema masa aiki, ya yi aure, ya haihu, ya tsufa. Na huɗu a jerin, The Sims 4, ya fito a 2014. A Oktoban 2022 kamfanin EA mai mallakarsa ya mayar da tushen wasan kyauta, a 2023 kuma ya ce mutum sama da miliyan 70 sun buga shi. Kafin a shiga wasan akwai fagen da ake tsayar da mutumin, mai wasa ya ja hancinsa, ya faɗaɗa masa kafaɗa, ya zaɓa masa launin fata, sannan ya tufatar da shi: kayan yau da kullum, na biki, na barci, na motsa jiki, na zafi, na sanyi. Akwai masu ɓata sa'o'i a wannan fage, su kashe kwamfuta ba su ma shiga wasan ba. Su ne kwastomomin telanmu.

Abin da ya haifar da sana'ar shi ne ƙarancin abin da ke cikin akwatin kamfani. Da The Sims 4 ya fito, baƙaƙen fata suka duba suka ga launukan da aka tanadar musu kaɗan ne, kuma sun yi toka-toka, jan-baki da hoda ba sa hawa a kansu yadda ya kamata, kitso kuwa sai dai a ƙirga da yatsu. Wata Ba'amurkiya, Amira Virgil, wadda aka fi sani da Xmiramira, ta zauna ta haɗa nata launukan fatar ta saki a 2016 da sunan Melanin Pack. Wata 'yar Landan, Danielle Udogaranya, mai laƙabin Ebonix, ta yi suna wajen kitso da gashin baƙar fata har kamfanin da kansa ya nemi yin aiki da ita. A Satumban 2019 aka saka hijabi da hula a cikin wasan, a Disambar 2020 aka ƙara launukan fata sama da 100. An yi ƙoƙari, amma wanda ya shiga neman babbar riga mai aska takwas, ko zanna bukar, ko riga da zani na atamfa da ɗaurin ɗankwali irin na matanmu, zai ga akwatin bai kai nan ba. Wannan giɓi shi telan kwamfuta yake cikewa. Masu harkar suna kiran kayan da yake yi CC, kuma kowace riga fayil ce guda da mai wasa zai sauke ya jefa a wata folda mai suna Mods.

Kayan aikin ba su da yawa, amma na farkonsu shi ne mai karya baya. Waya ba ta yin wannan aiki, sai kwamfuta, kuma ba irin ta buga takarda ba, sai mai ƙarfin sarrafa hoto. Wanda ke Sakaba sai ya yi sautu daga Kano ko Kaduna ko Legas, galibi ta hannu, ya yi addu'ar batirin da rai. Shi kansa wasan yana cin wuri kimanin giga 25 kafin a ƙara masa komai, wato kafin a ɗinka ko aljihu an riga an sha data. Sauran kayan manhajoji ne. Akwai Blender, wadda ɗan ƙasar Holan Ton Roosendaal ya fara, aka sake ta kyauta ga kowa tun 2002. A cikinta ake gina siffar rigar. Akwai Sims 4 Studio, ita ma kyauta, wadda masu sha'awar wasan suka rubuta da kansu. Ita ke ciro tsiraicin jikin mutumin daga wasan a yi awo a kansa, ita ke mayar da riga in an gama. Akwai ta fenti, Photoshop ga mai kuɗin haya, GIMP ga marar shi. Sai Marvelous Designer ta wani kamfanin Koriya ta Kudu, wadda ake biya wata-wata da dala, kuma ita ce duk wani tela na gaske zai gane da kallo ɗaya.

A cikinta allon kashi biyu ne. A ɓangare ɗaya ga gunkin mutum a tsaye ya buɗe hannuwa, a ɗayan ga filin yanka. Mai aiki zai zana gaban riga da baya da hannu da wuya, ya nuna wa na'ura cewa wannan gefe da wancan za a haɗa, ya zaɓi nauyin yadi da taurinsa, sannan ya danna. Sai guntayen su taso su rufe jikin gunkin, su haɗe, rigar ta zubo ta yi ninki inda ya kamata ta yi. In awon bai yi ba, nan take za ta nuna: ta ɗame a hammata, ko wuya ya yi baki, ko hantsar wando ta kama. A nan ne ake bambanta wanda ya taɓa zama a shagon ɗinki da wanda bidiyo kawai ya kalla. Yaron da ya yi shekara biyu yana kalmasa da sa maɓalli a gaban maigidansa a Dirin Daji ya san yadda ake fitar da hannun kaftani, ya san inda ƙubaka take zama, ya san riga da zani ba a yanka su da hankalin siket ɗin Turawa. Wanda ya iya kwamfuta a Turai bai san wannan ba, shi ya sa in ya yi ƙoƙarin rigarmu daga hoto sau da yawa takan fito buhu mai rami a tsakiya.

Rigar da ta fito daga wannan mataki kyakkyawa ce, amma ba ta shiguwa wasa. Duk abin da ido ke gani a gem raga ce ta ƙananan alwatika da aka jera, kuma yawan alwatikan shi ne nauyin da kwamfuta za ta ɗauka. Rigar da na'ura ta zubo tana iya kai dubu ɗari, alhali rigunan kamfani 'yan dubbai ne. In aka bar ta haka, kwamfutar mai saye ta riƙa shaƙewa duk sanda mutumin ya shigo ɗaki. Don haka sai a koma Blender a sake saƙa ragar da hannu, a rage inda yake shafe, a bar yawa inda ninki yake. Aiki ne na gajiya wanda babu mai yaba maka a kansa, domin in ka yi shi daidai babu wanda zai lura. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Kowace riga kwafi huɗu ake yi mata: cikakkiya ta kallon kusa, sannan uku masu raguwa a hankali, waɗanda wasan ke musanyawa in mutumin ya yi nisa da ido.

Daga nan sai babban aiki, wanda nake ganin shi ne zuciyar sana'ar. A cikin The Sims 4 yadi ba ya kaɗawa da kansa. Mutumin yana da ƙasusuwa a ciki, kuma kowane ɗigo na ragar riga sai an gaya masa ƙashin da zai bi da kuma gwargwadon yadda zai bi shi. Ana yin wannan da fenti: inda aka shafa ja, yadin yana manne da ƙashin gaba ɗaya, inda aka shafa shuɗi, babu ruwansa da shi, tsakaninsu kore da rawaya. Ga singileti ko wandon jins abu ne mai sauƙi, tunda a jikin fata suke, sai kawai a kwafo nauyin daga wata rigar kamfani mai kama da su. Babbar riga kuwa ba ta da 'yar'uwa a akwatin da za a kwafa. Faɗinta ya wuce tsawon hannu. In ka ɗaure gefenta da ƙashin damtse, mutumin na ɗaga hannu zai sha shayi sai rigar ta miƙe daga ƙugu zuwa gwiwar hannu ta zama fiffike. In ka ɗaure ta da ƙashin baya kawai, hannun ya huda yadi ya fito waje. In ya zauna, gindin rigar ya ratsa kujera ya leƙo ta ƙasa.

Maganin yana wurin masu sa rigar. Babu dattijon da ke yawo da babbar riga a sake. Naɗe hannuwanta yake yi ya aza a kafaɗa, lokaci-lokaci ya gyara. To haka za a gina ta tun farko, a naɗe, ninki bisa ninki a kan kafaɗa, a ɗaure wannan tudu da ƙashin wuya da na kafaɗa, a bar hannun 'yar ciki shi kaɗai ya bi damtse. Ƙasan rigar kuma a raba nauyinsa tsakanin cinyoyi biyu sannu a hankali, don kada ta tsage a tsakiya in ya yi taku. Ba za ta taɓa yin rangaji irin na gaske ba, amma za ta yi kwarjini a tsaye, ta yi mutunci a zaune. Wanda bai taɓa ganin liman ya tashi daga buzu ya tattara riga ba, da wuya wannan dabara ta zo masa.

Har yanzu rigar farar ƙasa ce, ba launi. Launi daga wani hoto yake zuwa mai ɗigo 1024 a kwance, 2048 a tsaye, kuma wannan hoto ɗaya shi ne gonar jiki duka, an raba ta kunya-kunya: nan na riga, nan na wando, nan na takalmi, can na hula, wani ɗan lungu na zobe da ɗan kunne. Dole a buɗe ragar rigar a shimfiɗe ta a cikin iyakarta. In ta tsallaka gonar wani, ranar da mai wasa ya haɗa rigarka da takalmin wani tela sai ya ga surfanin wuyanka ya fito a kan takalmi.

Ɗanyen kayan wannan mataki yadi ne na gaske, kuma a nan mazaunin ƙasarmu ya fi kowa gata. Zai je wurin tela ya roƙi ƙyallen da ya rage, ya goge shi, ya shimfiɗa a inuwa da safe, ya ɗauka daga sama ba tare da walƙiyar kyamara ba. Sannan ya gyara gefunan hoton yadda in an jera shi sau goma ba za a ga mahaɗa ba. Atamfa ba ta da wuyar ɗauka tunda zanenta a fili yake, sai dai tana da nata tarkon: zanen na masu shi ne. Kamfanoni irin su Vlisco na Holan, wanda ke aiki tun 1846, ba sa wasa da haƙƙin zanensu, don haka mai hankali yakan kalli salon ya zana nasa. Shadda ce mai ba da wahala. Furenta ba launi ba ne, saƙa ce. Farar shadda fara ce duka, sai haske ya faɗo a karkace furen yake tashi. Hoto ɗaya ba ya kama wannan. Sai an yi shafi uku: ɗaya na launi, ɗaya mai gaya wa haske inda tudu da kwari suke, ɗaya mai faɗin inda zai yi ƙyalli da inda zai dushe. In ƙyallin ya yi yawa ta koma leda, in ya yi kaɗan ta koma akoko. Wanda ya taɓa riƙe shaddar Getzner sabuwa a Kantin Kwari, ko ya ga shaddar da aka buga da sitati tana ɗaukar ido a filin Idi, shi ya san inda zai tsaya. Haka surfani: aska biyu, aska takwas, tambari, linzamin wuya, duk sai an bi su zare-zare, a ba su ɗan tudu don kada su zama kamar an buga da inji a kan riga. In an gama kala ɗaya, sauran sun zo da sauƙi: fari, ruwan toka, sararin samaniya, ruwan ƙasa, makuba, kowanne ya zama ɗan akwatin da mai wasa zai danna.

Masu sana'ar gida biyu ne, kuma ba su cika shan inuwa ɗaya ba. 'Yan Maxis Match suna bin salon wasan, launi a dame, ninki manya-manya, komai kamar an sassaƙa da yumɓu, don kayansu su saje da na kamfani. 'Yan Alpha suna neman kamannin gaske, gashi sili-sili, yadi har ana ganin saƙarsa. Ni dai a ganina kayanmu sun fi kyau a gidan farko, domin babbar riga siffarta ce ke magana tun daga nesa, ga shi kuma ba ta nauyaya kwamfuta, abin da ya kamata ɗan Najeriya ya fi kowa damuwa da shi.

Kitso fanni ne mai zaman kansa, akwai waɗanda shi kaɗai suke yi. Kowane layi na shuku ko kalaba sai an ja shi daga goshi zuwa inda ya tsaya, a lanƙwasa shi ya kwanta a kan ƙoƙon kai, a zana tsaga a fatar kai tsakanin layi da layi. Sannan a yi shi cikin launuka 24 na kamfani, a kuma yi masa yankakkun kwafi na ranar da za a ɗora hula, in ba haka ba gashi ya ɓullo ta saman hular. Lalle da kwalli sun fi sauƙi, tunda zane ne kawai a kan fata ba raga, shi ya sa su da canza launin rigar da ke akwai ne ake fara koya wa sabon shiga.

Kafin a saki kaya sai an gwada. A sa wa siriri, a sa wa mai ƙiba, a sa wa mai tumbi, a ga ko rigar tana buɗewa tare da jiki. Wannan ma da nasa shafin na biyu da ake shimfiɗa ragar a kai. A sa shi ya yi tafiya, ya yi gudu, ya zauna, ya rungumi yaro. Daga ƙarshe a cika takardar rigar: ta maza ce ko ta mata, ta wane shekaru, ta wane lokaci. Akwai wani ɗan akwati a wurin da ke ba wasan izinin raba rigar ga mutanen gari yadda ya ga dama. Duk wanda ya manta bai cire alamar ba, kwastoma zai aiko masa da hoton wani bawan Allah ya faɗa kwamin wanka da malum-malum da hula.

Sayarwa ita ce inda sana'ar ta bambanta da kowace. Wasan na EA ne, kuma a Yulin 2022 kamfanin ya fito ƙarara ya ce kayan da mutane ke ƙerawa ba na sayarwa ba ne, dole su zama kyauta ga kowa. Ƙofa ɗaya ya bari a lokacin: mai ƙira yana iya ba magoya bayansa su riga kowa samu na ɗan lokaci, daga nan ya sake wa duniya. A kan wannan ƙofa kasuwar take tsaye. Yawancinsu suna da shafi a Patreon, dandalin da aka kafa a 2013, inda mutum ke biyan 'yan daloli kowane wata, ya samu sabuwar riga makonni kafin sauran jama'a. Ana tallata hotuna a Tumblr da Instagram da Pinterest, a ajiye na kyauta a wurare irin su The Sims Resource da CurseForge. Wato ba riga ake saye ba, telan ake riƙewa don ya ci gaba da ɗinki. Wanda ke son ciniki na kai tsaye sai ya nufi inda aka halatta shi: Second Life, da ke nan tun 2003, inda ake canza kuɗin cikin wasa zuwa dala, ko IMVU, ko Roblox, ko Zepeto na Koriya ta Kudu. Hannun ɗaya ne, dokokin awo ne suka bambanta.

A yi lissafi a sauƙaƙe. Mai magoya baya 100, kowanne yana ba da dala 2, ya tashi da dala 200 a wata. Dandali ya cire kusan kashi ɗaya cikin goma, masu tura kuɗi su ma su yagi nasu. Abin da ya rage, a canjin da ya haura naira 1,000 kan kowace dala tun bayan da aka saki naira a 2023, ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 fiye da sau biyu. A takarda abin gwanin daɗi. Amma tara mutum 100 da za su yarda su riƙa biya duk wata ba aikin damina ɗaya ba ne. Sai an daɗe ana saki kyauta, ana amsa tambaya, ana jure shiru. Kaɗan ne suka mayar da ita abincinsu. Mafi yawa suna yi ne bayan sun taso daga wani aiki, kuma abin da suke samu bai wuce kuɗin data ba. Ga ɓarayi, masu kwashe rigar da ke hannun magoya baya su watsa ta tun ranar da ta fito. Ga kuma matsalar da ɗan Landan bai san da ita ba: yadda kuɗin zai iso. An yi shekaru da dama asusun PayPal na Najeriya yana iya aikawa amma ba ya karɓa, sai mutane suka koma Payoneer da asusun dala na banki, kowanne da takardunsa da cajinsa.

Wanda zai zauna a Sakaba ya yi wannan aiki yana da nasa ƙarin kaya. Wuta ba abin dogaro ba ce, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya zama na lalura. Sola da batir su ne mafita, su ma jari ne. A Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kira da data. Zafin bazara yana dafa kwamfuta, ƙurar hunturu tana toshe mata fanka. Rashin tsaron da ya addabi Sakaba da Danko-Wasagu a 'yan shekarun nan ya sa tafiya da kaya mai tsada a hanya sai da shiri, kuma saurayi mai jakar kwamfuta yakan sha tambaya a shingen hanya, don an riga an sa wa irinsa ido da zargin damfarar intanet. A gida ma sai ya yi bayani. Mahaifin da ya taso a inda yaro ba ya zama namiji sai ya yi golmo a gonar surukai, ba ƙaramin aiki ba ne a gamsar da shi cewa zaman da ɗansa ke yi gaban allo har tsakar dare noma ne. Sannan akwai batun addini, wanda bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. Malamai sun yi saɓani a kan surar abu mai rai, kuma cikin wasan akwai abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Mai jin nauyin haka yana iya tsayawa a tufafi da kayan ɗaki da gini, ya bar fuska, bayan ya tambayi malaminsa.

Abin da ƙasar Zuru ke da shi kuwa ba a saye a kasuwa. Telan Dirin Daji kaka uku yake da ita: ɗinkin Sallah, ɗinkin Kirsimeti, da na bukukuwan bayan girbi, lokacin da Dakarkari ke Uhola. A keke ɗaya ake ɗinka kaftanin liman da ankon matan zumunta. A kasuwa ɗaya za ka ga shigar Bafulatana da ta Bakambara, ta Dukkawa da ta Acifawa, kowa da ɗaurin zaninsa da tsakiyarsa da kitsonsa. Mai ƙira a nan ba ya buƙatar lalube a intanet, ƙofar gida kawai zai leƙa. Sai dai ba duk abin da ido ya gani ake ɗauka ba. Kayan ado na kasuwa daban, kayan da ke da alaƙa da al'adar dangi ko tsafi ko tsagar gado daban. Fayil in ya fita ba ya dawowa, kuma wanda ya sauke shi a Brazil zai iya sa wa kowa a kowane hali. Irin waɗannan sai an zauna da dattawan masu abin, in sun ce a'a a bari.

Aikin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne gyara. Kamfanin yana sabunta wasan a kai a kai, kuma sabuntawa takan taɓa abin da tsofaffin kaya suka dogara da shi. Mai wasa ya buɗe kwamfuta ya tarar da mutuminsa babu gashi, ko fuskarsa ta koma alamar tambaya ja da fari, ko rigar ta ɓace ta bar wuya da hannuwa a iska. Kafin telan ya farka saƙonni sun taru, wasu da ladabi, wasu ba gaisuwa. Masu kula da Sims 4 Studio sukan fitar da gyaran bai-ɗaya bayan 'yan kwanaki, a zuba fayiloli duka a wanke su lokaci guda. Waɗanda suka ƙi gyaruwa sai an buɗe su ɗaya bayan ɗaya, har da rigar da aka yi shekara uku da suka wuce, wadda tuni ta zama kyauta, a sake ɗora ta, a sanar da jama'a su goge tsohuwar. Ba a biyan ko kwabo a kan wannan, kuma sabuwar rigar wata mai kamawa tana nan tana jira, don magoya baya sun riga sun biya kuɗinta.